BABI NA UKU: YAWAN MA'ANONIN KALMAR "CI" A HAUSAR BIRNIN SAKKWATO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda kalma guda take ɗaukar ma'anoni da yawa a harshen Hausa, ta hanyar nazarin kalmar "ci" kamar yadda ake amfani da ita a birnin Sakkwato da kewaye. An zaɓi wannan kalma ne saboda ƙanƙantarta a baki da kuma faɗinta a ma'ana. Baƙi ɗaya ne da wasali ɗaya, amma da ita Bahaushe yake maganar tuwo da yaƙi da sarauta da bashi da gobara da kasuwa da amana. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, waɗannan ma'anoni ba haɗuwa suka yi bisa katari ba, tushensu ɗaya ne, kuma akwai zaren da ya ɗinke su. Kafin a kai ga haka, ya zama wajibi a fara bambance wannan hali da wasu halaye biyu masu kama da shi, domin rashin bambance su yakan jawo kuskure wajen tsara ƙamus da fassara da koyarwa.

3.1 Hanyoyin da Kalma Take Tara Ma'ana

Idan aka ga kalma guda da ma'ana fiye da ɗaya, to ɗayan abubuwa uku ne ya faru.

3.1.1 Yaɗuwar Ma'ana

Wannan shi ne inda kalma take da ma'ana ta asali, sannan masu harshe su riƙa miƙa ta zuwa ga wasu abubuwa saboda wata kama da suka hango. Misali, "baki" gaɓa ce ta jiki, amma ana cewa bakin gulbi da bakin wuƙa da bakin kasuwa, domin duk suna nuna gefe ko mashiga. A nan kalmar ɗaya ce, rassanta ne suka yi yawa.

3.1.2 Haɗuwar Kalmomi Masu Asali Daban-daban

A nan kuwa kalmomi biyu ko fiye ne, kowace da tushenta, sai furucinsu ya zo ɗaya. Kyakkyawan misali shi ne kalmar Ingilishi ta "shingle". Tana nufin ɗan falankin katako da ake jerawa a rufa ɗaki, kuma a wannan ma'ana asalinta kalmar Latin ce, "scindula". Daga nan ne a Amurka aka kira ƙaramin allon da likita ko lauya yake ratayawa a ƙofar ofishinsa da wannan suna, haka kuma aka kira wani salon askin mata da aka yi yayi a shekarun 1920, saboda gashin yana hawa kan juna kamar jerin falankan rufi. Waɗannan uku yaɗuwar ma'ana ce. Amma kalmar tana kuma nufin tsakuwar bakin teku, wadda ƙamusoshin Ingilishi suke ba ta gurbi na daban. Sannan akwai "shingles", cutar ƙuraje mai zafi wadda ƙwayar cutar ƙarambau take haddasawa bayan ta daɗe kwance a jiki. Ita wannan daga wata kalmar Latin ce, "cingulum", wato ɗamara, domin ƙurajen sukan yi layi a gefen jiki kamar an ɗaura ɗamara. Ke nan rufin ɗaki da cutar ƙuraje ba su haɗa komai ba sai sauti.

Akwai irin wannan a Hausa. Kalmar "fam" tana nufin kuɗin da aka yi amfani da su a Nijeriya kafin fitowar naira a shekarar 1973, tana kuma nufin takardar da ake cikewa don neman aiki ko makaranta. Kalmomin aro ne guda biyu daga Ingilishi waɗanda bakin Bahaushe ya mayar da su ɗaya. Haka nan "kai" wakilin suna, kamar a "kai ne", da "kai" aikatau, kamar a "ya kai saƙo", furucinsu ɗaya ne amma babu dangantaka tsakanin ma'anoninsu.

3.1.3 Kamar da Rubutu Yake Haddasawa

Hali na uku ya shafi rubutu ne kawai. Tun daga ƙa'idojin rubutun boko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a shekarar 1912, har zuwa gyare-gyaren da suka biyo baya, rubutun yau da kullum bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba. Saboda haka kalmomin da kunne yake bambancewa sai ido ya gan su ɗaya. Misali:

(a) gari: wurin zaman jama'a, da gajeren wasali a gaɓar farko, ko kuwa niƙaƙƙen hatsi, da dogon wasali.

(b) fari: launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko jam'in fara, ko somawa, kamar a "ɗan fari".

(c) tara: adadi, ko kuɗin da kotu take yanka wa mai laifi, ko haɗa abubuwa wuri ɗaya.

Waɗannan ba kalma ɗaya ba ce mai ma'ana da yawa. Basakkwace ba ya ruɗewa da su a magana, ko da kuwa yana furta ta biyu da "hw" a maimakon "f". A takarda kaɗai suke zama tagwaye.

Tambayar da ta rage ita ce, a wane rukuni kalmar "ci" take? Abin da zai biyo baya zai nuna cewa a rukunin farko take.

3.2 Kalmar "Ci" a Nahawu da Sakkwatanci

"Ci" aikatau ce mai gaɓa ɗaya, kamar "sha" da "yi" da "ji" da "so". F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai a shekarar 1960, amma irin waɗannan ƙananan aikatau ba su shiga tsarin ba, sai daga baya Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya tattara su a ƙarƙashin giredin sifiri. Duk da ƙanƙantarta, kalmar tana da 'ya'ya da yawa. Daga gare ta aka sami "cinye" da "ciyar" da "ciyo" da "ciwu", aka kuma sami sunaye kamar "abinci" da "maciyi" da "cima". Idan aka mayar da ita suna, karin sautinta yakan koma faɗau, kamar a "yana da ci".

A Sakkwatanci jikin kalmar bai sauya ba, abin da yake kewaye da ita ne yake sauyawa. Misali:

Daidaitacciyar Hausa: Shi ne ya ci. Sakkwatanci: Shi yac ci.

Daidaitacciyar Hausa: Ita ce ta ci. Sakkwatanci: Ita tac ci.

Daidaitacciyar Hausa: Mu muka ci. Sakkwatanci: Mu munka ci.

Daidaitacciyar Hausa: Yana cin goro. Sakkwatanci: Shina cin goro.

Daidaitacciyar Hausa: Sun cinye. Sakkwatanci: Sun canye.

Abin lura a nan shi ne, bambancin karin harshe ya tsaya ga furuci da ƙirar jimla. Manyan ma'anonin da za a kawo a ƙasa, Basakkwace da Bakano da Bakatsine duk sun yi tarayya a kansu.

3.3 Abin da Masana Suka Ce

Wannan kalma ta daɗe tana jan hankalin masana. G. P. Bargery a ƙamusunsa na shekarar 1934, da R. C. Abraham a nasa na shekarar 1949, duk sun jero ma'anoninta da misalai masu yawa. Aikin mai ƙamus shi ne jerowa, don haka ba su tsaya neman abin da ya haɗa ma'anonin ba. Claude Gouffé, wani masani Bafaranshe, ya rubuta maƙala a kan "ci" da "sha" a shekarar 1966. Kemp Williams ya sake ɗaukar batun a mujallar Lingua a shekarar 1991, inda ya nuna cewa ma'anonin suna fitowa ne daga cibiya guda suna bazuwa. Daga baya, a shekarar 2009, Philip Jaggar na Jami'ar Landan da Malami Buba, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, suka fitar da nazarin da ya taƙaita al'amarin da cewa "ci" ta fi karkata ga rinjaye da fin ƙarfi, ita kuwa "sha" ta fi karkata ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Wannan babi ya ɗora ne a kan wannan fahimta, tare da nuna wuraren da ba ta game ba.

3.4 Rabe-raben Ma'anonin "Ci"

3.4.1 Ma'anar Asali

Ma'anar asali ita ce sa abu mai ƙarfi a baki, a tauna, a haɗiye. Ana cin tuwo da nama da gyaɗa da goro. Abin da yake ruwa ne ko mai ruwa-ruwa kuwa, sha ake yi, kamar fura da kunu da rake da mangwaro da lemo. Idan aka duba wannan aiki da kyau, za a ga ya ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko, mai ci ya fi ƙarfin abin da yake ci. Na biyu, abin ya shiga cikinsa ya zama nasa, ya amfane shi. Na uku, abin da aka ci ya ƙare, babu shi kuma. Na huɗu, haƙori ya ratsa shi ya ɓata kamanninsa. Kowace daga cikin ma'anonin da suka yaɗu, ɗayan waɗannan abubuwa huɗu ta kama ta riƙe.

3.4.2 Rinjaye da Nasara

Wannan ma'ana ta kama abu na farko, wato fin ƙarfi. Tarihin Sakkwato cike yake da ita. Misali:

(a) Mayaƙan jihadi sun ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808.

(b) Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga watan Maris na shekarar 1903.

(c) Alhaji Shehu Shagari ya ci zaɓen shugaban ƙasa a shekarar 1979.

(d) Ɗalibar ta ci jarrabawa.

(e) An ci su ƙwallo biyu a filin wasa na Giginya.

A duk waɗannan jimloli akwai ɓangare biyu da suka kara, ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ko jarrabawa ma, Bahaushe ya ɗauke ta abokiyar karawa ce, shi ya sa idan ɗalibi bai yi nasara ba ake cewa ya faɗi, kamar wanda aka kayar a kokawa. A wannan rukuni ne "cin nasara" da "cin galaba" suke, haka ma "ya ci ƙarfina".

3.4.3 Samu da Mallaka

Wannan ta kama abu na biyu, wato shigar abu hannun mutum ya zama nasa. Misali:

(a) Sarkin Musulmi Abubakar na III ya ci sarauta a shekarar 1938, ya kuma riƙe ta shekara 50, har rasuwarsa a shekarar 1988.

(b) 'Ya'yan mamacin sun ci gadon gona.

(c) Mai shago ya ci riba.

(d) Manomi ya ci bashi don sayen taki.

(e) Yaron ya ci albarkacin iyayensa.

Jimla ta (d) tana da ban sha'awa, domin bashi abu ne da za a mayar. Duk da haka an ce "ci", saboda kuɗin sun shiga hannun mai karɓa ya ɓatar da su kamar yadda ake ɓatar da abinci, abin da zai biya wasu kuɗin ne daban. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, a kan wannan ma'ana aka gina ta: wanda ya karɓa ya amfana, nauyi ya hau kansa. Ba Hausa kaɗai take da wannan ba. A Yarabanci ma, aikatau "jẹ" mai nufin cin abinci ita ce ake amfani da ita wajen hawa sarauta da kuma kasancewa da bashi a kai.

3.4.4 Ƙarewa da Halakarwa

Wannan ta kama abu na uku, wato gushewar abin da aka ci. A nan sau da yawa mai cin ba mutum ba ne. Misali:

(a) Gobara ta ci wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na shekarar 2021.

(b) A ambaliyar shekarar 2010, ruwa ya ci gonaki da gidaje a kwarin Rima, ya kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

(c) Gara ta ci azara.

(d) Ginin ya ci buhu 200 na siminti.

(e) Shari'ar ta ci shekara uku.

A (a) zuwa (c) abin ya halaka ne, a (d) da (e) kuwa an ɓatar da shi ne a kan wata buƙata. Amma duk ɗaya ne ta fuskar cewa abin da aka ci ba ya dawowa. Daga nan ne aka sami ma'anar ɗauka, kamar a ce mota tana cin mutum 18, domin mutanen suna shigewa cikinta ne kamar yadda loma take shigewa ciki.

3.4.5 Cutarwa da Keta Haddi

Wannan ta kama abu na huɗu, wato ɓata abu, ta kuma haɗa da fin ƙarfi. Ita ce ma'anar da ta fi nauyi a zamantakewa, domin abin da ake ci a nan ba ya ganuwa. Misali: cin amana, cin mutunci, cin zarafi, cin fuska, cin zali, cin dunduniya, cin hanci, cin naman mutum. Bahaushe ya ɗauki mutunci da amana tamkar dukiya ce da mutum yake da ita, wadda wani zai iya taunewa ya rage ta. Wanda aka ci mutuncinsa ya ragu a idon jama'a, kamar yadda ƙwaryar tuwo take raguwa.

A gari irin Sakkwato, inda karatun addini ya kafu tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kamata a lura da cewa Larabci ma yana da irin wannan amfani. Aikatau "akala", mai nufin ci, ita ce ta zo a Alƙur'ani mai girma a maganar riba a Suratul Baƙara, aya ta 275, da maganar dukiyar marayu a Suratun Nisa'i, aya ta 10. Haka kuma a Suratul Hujurati, aya ta 12, an kwatanta yi da mutum da cin namansa. Don haka malamin da yake tafsiri da Hausa ba ya wahalar neman kalma a waɗannan wurare, harsunan biyu sun dace.

A ƙarƙashin wannan rukuni ne kuma ma'anar saduwar namiji da mace take. Magana ce ta batsa wadda mai kunya ba ya furtawa a bainar jama'a, shi ya sa ake kauce mata da kalmomi kamar "saduwa" ko "kwanciya". Sanin wannan ma'ana wajibi ne ga mai koyon Hausa, domin sa sunan mutum kai tsaye bayan "ci" ba tare da wani bayani ba yana iya zama abin kunya.

3.4.6 Gudana da Kasancewa Cikin Aiki

Akwai wuraren da "ci" take zuwa ba tare da karɓau ba. Misali:

(a) Kasuwar Illela tana ci ranar Lahadi.

(b) Fitila tana ci.

(c) Wuƙar tana da ci.

(d) Aiki ya ci gaba.

A kallon farko za a ɗauka waɗannan sun rabu da tushe. Amma idan aka yi la'akari da cewa fitila ba ta haske sai tana ƙona mai, wuƙa kuma cinta shi ne ratsa abin da aka sa ta a kai, za a ga dangantakar tana nan. Ci alamar rai da lafiya ne, shi ya sa idan ana tambayar majiyyaci akan ce yana cin abinci kuwa? Kasuwar da take ci ita ce mai rai a ranar, wadda ta daina ci kuwa an ce ta mutu. A kusa da wannan ma'ana ne "cin rani" yake, wato barin gida bayan girbi a tafi wani gari neman kuɗi har damina ta kusa, al'adar da mutanen ƙasar Sakkwato suka daɗe da saninta. Ɗan cirani yana cinye lokacin rani ne, yana kuma cin amfaninsa.

3.5 "Ci" da "Sha"

Ba a fahimtar faɗin "ci" sosai sai an jera ta da abokiyarta. A dubi waɗannan:

(a) Ya ci nasara. Ya sha kaye.

(b) Ya ci riba. Ya sha wahala.

(c) Ya ci mutuncinsa. Ya sha kunya.

A kowane layi, mai ci shi ne yake aikatawa, mai sha kuwa shi ne abin ya sauka a kansa. Dalili a fili yake. Ci yana buƙatar haƙori da ƙarfi, sha kuwa buɗe maƙogwaro ne ruwa ya wuce. Don haka ake cewa an sha rana, an sha duka, an sha mamaki. Haka kuma, tun da ruwa kurɓi bayan kurɓi ake shan sa, "sha" ta ɗauki ma'anar maimaitawa, kamar a "na sha faɗa maka".

Sai dai wannan rabo ba ƙa'ida ce marar togiya ba. Ana cewa "ya ci wuya" kamar yadda ake cewa "ya sha wuya", ana kuma cewa "ya ci duka", alhali wanda aka doka ba shi ne mai rinjaye ba. A ɗaya ɓangaren, ana cewa "ya sha kansa", wato ya shawo shi ya rinjaye shi da dabara. Abin da za a iya cewa shi ne, rabon da Jaggar da Buba suka yi yana bayyana mafi yawan misalai, amma akwai fagen da kalmomin biyu suke cuɗanya, musamman wajen wahala da azaba. Inda aka sa "ci" a irin wannan wuri, sau da yawa tsananin abin ake son nunawa, wato wahalar ba ta wuce salin-alin kamar ruwa ba, sai da aka tauna ta.

3.6 Yadda Ake Gane Ma'ana da Muhimmancin Hakan

Tun da kalma guda tana da waɗannan fuskoki, me ya hana masu harshe ruɗewa? Abubuwa uku ne suke yi musu jagora. Na farko shi ne karɓau, wato abin da aka ci: tuwo ne, ko yaƙi, ko amana. Na biyu shi ne aikau, wato mai cin: mutum ne, ko wuta, ko ruwa. Na uku shi ne muhallin magana. A dubi kalmar "kasuwa" a waɗannan jimloli:

(a) Kasuwa ta ci.

(b) Fatake sun ci kasuwa.

(c) Wuta ta ci kasuwa.

Ta farko tana nufin an hallara ana ciniki, ta biyu tana nufin sun halarta sun yi saye da sayarwa, ta uku kuwa tana nufin asara. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma babu Bahaushen da zai ɗauki ɗaya a madadin ɗaya.

Duk da haka akwai jimloli masu harshen damo waɗanda sai muhalli kaɗai yake warware su. Jimlar "ya ci kuɗin" tana iya nufin ya yi nasara a gasa an ba shi kuɗin, tana kuma iya nufin an ba shi ajiya ya ɓatar. Ta farko yabo ce, ta biyu kuwa tuhuma ce da za ta iya kai mutum gaban alƙali. Wannan ya sa tafinta a kotu da mai fassara labarai a gidan rediyo suke buƙatar taka-tsantsan, domin zaɓen ma'ana ɗaya a bar ɗaya yana iya wanke mutum ko ya shafa masa laifi. Jimlar "ya ci gari" kuwa ta haɗa matsala biyu a rubuce. Idan wasalin gajere ne, mayaƙi ne ya kama birni. Idan dogo ne, mai yunwa ne ya ci garin rogo. A nan yaɗuwar ma'anar "ci" da kamar da rubutu yake haddasawa sun taru a kalmomi uku.

Daga wannan bayani za a iya fitar da abubuwa uku masu amfani. Na farko ya shafi ƙamus. Kalma irin "ci" gurbi ɗaya ya kamata a ba ta, a jero ma'anoninta daga ta asali zuwa rassa, yadda mai karatu zai ga dangantakarsu. Kalmomi irin "fam" da "kai" da "gari" kuwa kowace ma'ana da gurbinta, tare da nuna karin sauti da tsawon wasali. Wannan ya fi zama dole ga ƙamus na Hausa zalla, irin wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a shekarar 2006, domin shi ne madogarar ɗalibai da malamai. Na biyu ya shafi fassara. Wanda ya fassara "ci" da kalma guda a ko'ina, mutum ne ko kwamfuta, zai sa wuta ta yi kalaci da kasuwa, ya sa sarki ya haɗiye rawani. Na uku ya shafi koyarwa. Yaron da aka haddatar da shi jerin ma'anoni ashirin zai manta, amma wanda aka nuna wa abubuwa huɗun da suke cikin cin tuwo zai iya gane sabuwar ma'ana ko da bai taɓa jin ta ba.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bambance hanyoyi uku da kalma take bayyana da ma'ana fiye da ɗaya, wato yaɗuwar ma'ana, da haɗuwar kalmomi masu asali daban-daban kamar yadda aka gani a "shingle" da "fam", da kuma kamar da rubutun boko yake haddasawa. An nuna cewa "ci" tana cikin rukunin farko, kuma ma'anoninta na rinjaye da mallaka da ƙarewa da cutarwa da gudana duk suna komawa ne ga abin da yake faruwa idan mutum ya sa loma a baki. An kuma nuna cewa bambancin Sakkwatanci da Daidaitacciyar Hausa a wannan fage na furuci ne da ƙirar jimla. A babi na gaba za a dubi yadda wannan kalma take shiga cikin harɗaɗɗun kalmomi da karin magana, irin su "ci-ma-zaune" da "ci-da-zuci" da "ci-da-ceto", domin a ga ko waɗannan rabe-rabe za su iya ɗaukar su.